Gargaɗi ga masu karɓar kemo a Makka: kada a yi wa mutuwar ƙafa magani a ɓoye

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda ake yi wa maganin ciwon daji da kemo, da duk mai jinyarsa, ko mazaunin Misfala ne, ko Jarwal, ko Hindawiyya, ko Shara Mansur, ko kuwa baƙo ne da ya zo Umara zai koma Kano ko Maraɗi da tsaraba. Idan yatsun hannu ko tafin ƙafa suka fara mutuwa, suna zugi ko suna suka kamar allura, kada a sha wani haɗin gari ko tsimi, kada a yi ƙaho, kada a ɗora wuta, sai likitan da ke ba da kemon ya ji labari. Wanda kuma ya riga ya fara sha, ya dakata yau, ya ɗauki ƙullin ko kwalbar ya kai wa likita ya gani da idonsa.

Masu jinya sun san yadda abin ke farawa. Hajiya ta ce ji take kamar auduga take takawa, ko kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fatarta. Alhaji ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa, carbi ya zame daga hannunsa bai sani ba, silifa ya fita daga ƙafarsa a hanyar Harami sai wani ya nuna masa. Nan take sai a fara fassara a gida. Wannan ya ce sanyi ne ya shige ta, wancan ya ce iska ce, wata ta ce maganin asibiti ne ya ƙone ta. Maganar ƙarshen nan akwai gaskiya a cikinta, kuma likitoci ba sa musunta. Wasu magungunan kemo suna taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga fata zuwa laka. Oxaliplatin da ake bai wa masu kansar hanji yana yi, paclitaxel da docetaxel da ake bai wa masu sankarar mama suna yi, haka cisplatin, vincristine da bortezomib. Jijiyar da ta fi tsawo ita ta fi saurin jigata, kamar kwamin da ke can ƙarshen lambu, wanda shi ke fara bushewa idan ruwan rafi ya ja baya. Shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafa, a ƙafafu biyun a tare, sannan ya hau.

Ba kuma abu ne da ke samun ɗaiɗaikun mutane ba. A 2014 wasu masana a Edinbura sun tattara bincike 31 da aka yi kan marasa lafiya fiye da 4,000, suka ga kashi 68 cikin 100 na da wannan matsala a watan farko bayan gama kemo, kashi 60 bayan wata 3, kashi 30 kuma tana nan tare da su bayan wata 6 ko fiye.

Babban abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun da ake yi wa likita. Mara lafiya na jin ƙafarsa na mutuwa, amma idan aka tambaye shi sai ya ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Wani tsoro yake ji kada a dakatar masa da maganin. Wani kunyar yi wa likita ƙorafi yake ji. Wata kuwa Larabcinta bai wuce na ciniki ba, ba ta san yadda za ta kwatanta abin da take ji ba. Sai a dawo gida a shiga jiƙe-jiƙe, a koma asibiti a karɓi cikakken awon maganin kamar ba abin da ya faru. Alhali makami mafi ƙarfi da ake da shi a kan wannan cuta yana hannun likitan nan, wato rage awon maganin, ko jinkirta zagaye na gaba, ko sauya shi da wani tun jijiyar ba ta lalace ba. A 2018 an fitar da sakamakon wani babban bincike kan masu kansar hanji 12,834 daga ƙasashe da dama. Waɗanda suka karɓi oxaliplatin na wata 6, wajen kashi 45 zuwa 48 cikinsu sun sami lalacewar jijiya mai hana su wasu ayyukan yau da kullum. Waɗanda suka karɓa na wata 3, wajen kashi 14 zuwa 17 ne kawai. Tun daga nan likitoci suka fara gajarta wa wasu marasa lafiya lokacin, gwargwadon matakin ciwonsu. Likita ba zai iya yin wannan lissafi ba idan an ɓoye masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda harshe ya yi wa cikas ya tafi da ɗa ko jika mai jin Larabci, a faɗa wa likita dalla-dalla: tun yaushe abin ya fara, ya tsaya a yatsu ko ya kai idon sawu, ana iya riƙe kofi, an taɓa faɗuwa.

Na san amsar da za a ba ni: ai ganye ne kawai, in bai yi magani ba ba zai yi illa ba. To, a saurara. Vincristine, wanda ya yi suna wajen kashe ƙafa, daga wani ɗan fure na tsibirin Madagaska aka samo shi, furen da ake shukawa don ado a gidaje da yawa. Paclitaxel daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara tatso shi. Maganin da ya ƙone jijiyar ma ashe ɗan itace ne. Ganye na da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa shi ne dalilin da ya sa ba a shan sa da ka.

Abin da ya faru a Japan ya isa darasi. Suna da wani tsohon haɗin gargajiya mai suna goshajinkigan, na itatuwa da saiwoyi 10, wanda likitocinsu na asibiti ke rubutawa, ana haɗa shi a masana'anta da awo da tsafta, ba a bakin titi ba. An daɗe ana ba da shi don mutuwar ƙafa, ƙananan bincike na farko kuma sun ba da fata cewa zai kare masu karɓar oxaliplatin. Sai aka yi gwajin gaske. Aka raba marasa lafiya gida biyu, aka bai wa rabi haɗin, rabi kuma wani gari mai kama da shi wanda ba magani a ciki, ba mara lafiya ba likita ba wanda ya san wa ya sami wanne. Ba a kai ƙarshe ba kwamitin sa ido ya ce a tsaya. A rahoton da ya fito a 2015, cikin mutum 182 da aka duba, kashi 50.6 na masu shan haɗin sun sami lalacewar jijiya mai tsanani, a masu shan garin banza kuwa kashi 31.2. Wato waɗanda aka so a kare su suka fi jigata. Haka aka yi a Amurka da wani ƙarin abinci mai suna acetyl-L-carnitine, da ake tallarsa da sunan mai gina jijiya: an gwada shi kan mata 409 masu sankarar mama, a 2013 aka bayyana cewa ƙara musu ciwon ya yi. Idan maganin da aka san abin da ke cikinsa, aka auna shi, ya iya yin haka, ina ga ƙullin leda marar suna, marar awo, marar ranar lalacewa?

Sannan akwai faɗan da ganye ke yi da kemo a cikin hanta, wanda ba a gani da ido. Wani ganye da Turawa ke kira St John's wort, Larabawa kuma ushbatul aran, ana shan sa don damuwa da ciwon jijiya. A 2002 likitoci a Rotadam ta ƙasar Holan sun nuna cewa yana rage sinadarin da ke aiki a maganin irinotecan da kashi 42 a cikin jini. Mutum na zuwa asibiti, yana shan wahalar amai da zubar gashi, alhali kusan rabin ƙarfin maganin ya tafi a banza. Ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi da ake sayarwa a kwalba an sha samun su da laifin kumbura hanta, hantar da dama kemo ya ɗora mata kaya. Sanamakki, wato filasko, idan aka sha shi ba awo yakan sa gudawa har jiki ya bushe, ƙodar mai karɓar cisplatin kuwa ba ta jure rashin ruwa. Kurkum ɗin da ke cikin miya da cittar da ke cikin shayi ba su nake nufi ba. Wanda aka tattara ƙarfinsa a ƙwaya ko a tsimi, ake sha safe da yamma da sunan magani, shi ne abin tsoro.

Haɗe-haɗen da ba a san mai haɗa su ba kuwa sun fi haɗari. A wani bincike da aka buga a 2004, an sayi magungunan gargajiyar Indiya iri 70 a shagunan Boston aka auna, 14 daga ciki na ɗauke da dalma ko zaiba ko arsenik. Dalma da arsenik da kansu suna kashe jijiya, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama haɗin da aka rubuta wa “ganye zalla” alhali an niƙa masa ƙwayar kotizon ko maganin kashe zafi a ciki. Mai sha zai ji daɗi kwana biyu, ya sami ƙarfi, ya ci abinci, ya yi ta sa wa mai maganin albarka. A ƙarƙashi kuwa suga na hawa, garkuwar jiki na ƙara faɗuwa, zazzaɓin da zai tona cewa ƙwayar cuta ta shiga jini an danne shi. Ko bitamin B6 da ake ɗirka da sunan abincin jijiya, idan ya yi yawa aka daɗe ana sha, shi ma mutuwar ƙafa yake haifarwa.

Me ya sa, duk da haka, kowa ke da labarin wanda ya sha ya warke? Domin cutar tana da tafiyarta. Ga masu karɓar oxaliplatin ko cisplatin, takan ci gaba da ƙaruwa na wasu watanni bayan an gama kemo, lokacin da iyali ke ganin asibiti ya gama nasa ya bar su da wahala. Daidai nan ake zuwa wurin mai magani. Bayan haka, a jikin mutane da yawa jijiyar kan fara farfaɗowa da kanta sannu a hankali, sai a ce ƙullin ne ya yi aiki. Wanda bai sami sauƙi ba a ce bai cika ƙa'idar sha ba, ko a ce an makara. Mai maganin ma sau da yawa ba ƙarya yake shiryawa ba, shi ma abin da ya gani ya gaskata. Amma gaskatawarsa ba ta mayar da dalma zuma.

Wuta da aska kuwa a nisance su gaba ɗaya. A nan Saudiyya har yanzu akwai masu yin lalas da ƙarfe mai zafi don ciwon jijiya, mu ma muna da wanzamanmu da ƙahonsu da tsagarsu. Ƙafar da ba ta ji ba ta san ta ƙone ba. Mai karɓar kemo kuma ƙwayoyin jininsa masu yaƙi da cuta da masu tsayar da jini sukan yi ƙasa, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. Ɗan tsagar da lafiyayye zai manta da ita kafin Juma'a, a jikinsa tana iya ƙin tsayawa, ko ta ruɓe, cutar ta shiga jini. Haka gasa ƙafa da ruwan zafi ko turara ta a kan garwashi. In za a yi wanka, a gwada zafin ruwan da gwiwar hannu, ko wani ya gwada, don ruwan tankin saman bene a Makka lokacin bazara yana iya sale fata.

Dole in taɓa batun fitsarin raƙumi da ɗanyen nononsa, domin ana kai marasa lafiya garken bayan gari ana saya musu. Ba jayayya da malamai na zo yi ba. Maganar jikin da kemo ya raunana nake yi. Likitoci a nan Saudiyya sun bi diddigin masu ciwon daji 20 da suka dage sai fitsarin raƙumi, aka buga sakamakon a 2023 a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wannan yanki. Ba ko ɗaya da ciwonsa ya ja baya, biyu kuma sun kamu da burusela, zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi. Ga kuma cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a Jidda a 2012, wadda raƙuma ke ɗauke da ita, wadda ta sa hukumar ta gargaɗi mutane kan shan waɗannan abubuwa biyu ɗanye.

Ba wanda ya ce a bar addu'a, ko karatun Alƙur'ani, ko shan Zamzam. Wani bincike da aka yi a Riyad kan masu ciwon daji 453 ya nuna kusan 9 cikin kowane 10 na haɗawa da irin waɗannan, galibinsu karatu, addu'a, Zamzam, zuma da habbatus sauda, kuma likitocin ƙasar nan sun saba da jin haka, ba za su yi wa kowa dariya ba. Abu ɗaya dai mai karɓar oxaliplatin ya kiyaye: a kwanakin farko bayan ƙarin ruwan, sanyi na tayar masa da ciwon. Kurɓar ruwa mai sanyi na iya sa ya ji maƙogwaro ya shaƙe kamar numfashi zai ɗauke, taɓa ƙarfe mai sanyi kuma ya ji kamar lantarki ya ja shi. A cikin Harami akwai randunan Zamzam da aka rubuta wa cewa ba a sanyaya su ba. Daga nan zai sha. Ya kuma guji zama a bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Ku kuma alhazai da masu Umara, ku ji tsoron Allah game da tsarabar magani. Cewa abu daga Makka ya zo ba shaidar inganci ba ce. Mafi yawan kayan da ke shagunan masu sayar da itatuwa da kayan ƙamshi shigo da su ake yi daga wasu ƙasashe, wanda ake miƙo wa mutum a lungu ko a ƙofar masauki kuwa ba wanda ya san inda aka niƙa shi. Mara lafiyar da ke karɓar kemo a Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Yamai, idan aka kawo masa ƙulli aka ce daga ƙasa mai tsarki, kunya da ƙauna ba za su bar shi ya ƙi ba. Kada ku sa shi a wannan hali. Ku kai masa dabino da Zamzam da addu'ar da kuka yi masa a gaban Ka'aba. A nan, Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ce ke rajistar magunguna, ana kuma samun ta a lamba 19999 don tambaya ko kai ƙara. A Najeriya, lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a kwalinsa.

Mafi muni shi ne a ce saboda ƙafa an bar kemo gaba ɗaya an koma jiƙo. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Masana a Jami'ar Yale sun duba bayanan marasa lafiya a Amurka, a 2018 suka bayyana cewa waɗanda suka bar maganin asibiti suka dogara da na gargajiya kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. A masu sankarar mama ya haura ninki biyar.

Gaskiya ce cewa abin da asibiti ke da shi kan wannan matsala bai taka kara ya karya ba, kuma ɓoye hakan ba zai amfani kowa ba. Ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, a jagorarta ta 2020, ta ce babu wani magani da aka tabbatar yana hana ta faruwa. Don rage zugin kuwa, duloxetine kaɗai ta amince da shi, shi ma sauƙi yake kawowa ga wasu, ba ya dawo da jin da ya tafi, ba a daina shi farat ɗaya, kuma haɗa shi da ushbatul aran haɗari ne babba. Motsa jiki da atisayen daidaita tsayuwa na taimakawa. Wasu likitoci na gwada man shafawa mai sinadarin na'ana'a da awo. Ya kamata kuma a auna suga da bitamin B12, don sau da yawa su ne ke ƙara wa wutar fetur, kuma su ana iya gyara su. Kada wani ya karɓi tiramadol daga hannun maƙwabci, ko ya shigo da shi ƙasar nan ba takardar likita. Hukuncin ƙwaya a Saudiyya ba wasa ba ne.

Mai niyyar aikin Hajji ya sani cewa ƙa'idojin lafiya da Saudiyya ta fitar a 'yan shekarun nan sun sa mai ciwon dajin da ke kan karɓar kemo cikin waɗanda ba su cika sharaɗin iko ba. Kada a ɓoye ciwo don a sami kujera. Wanda ya gama magani amma ƙafar ba ta dawo ba, ya tuna cewa a Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum 1,301 suka rasu. Daɓen filin ɗawafi ba ya zafi, amma kwalta da daɓen waje suna dafa tafin ƙafa cikin mintuna. Idan takalmi ya ɓace a ƙofar Harami, a zauna a inuwa a aika a sayo wani, kada a ce bari a lallaɓa zuwa masauki. Safa da Marwa kai-komo bakwai wajen kilomita 3 ne, akwai keken turawa da motocin lantarki, hawansu ba ya rage lada. Jifa ana wakiltawa. Batun sa safa ko rufaffen takalmi cikin harami saboda lalura, a tambayi malami tun kafin a ɗaura. Kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko a sa wani ya duba.

Ban manta da 'yan uwanmu da rashin iƙama, wato takardar zama, ko rashin kuɗi suka yi wa katanga da asibiti ba, waɗanda ba don raina likita suke zuwa wurin mai ganye ba, sai don shi ne ƙofar da ke buɗe. Ga mai hali da maƙwabci da limamin unguwa, taimakon da ya dace shi ne a haɗa kuɗin ganin likita, ko a raka mutum ƙungiyoyin agaji irin su Jam'iyyar Zamzam ta ayyukan lafiya, ko Jam'iyyar Al-Iman da ke Jidda mai kula da masu ciwon daji, a ji abin da za su iya yi. Cibiyar kansa tana nan a Birnin Lafiya na Sarki Abdullah a cikin Makka. Layin Ma'aikatar Lafiya, 937, ana samun likita a kansa dare da rana.

Akwai kuma alamomin da ba sa jiran ranar ganin likita. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jikin mai karɓar kemo, ko rawar ɗari. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida. Ido ko fitsari ya koma ruwan ɗorawa bayan shan wani haɗi. Rauni a ƙafa da ya kumbura ko ya fara wari. Sai wanda aka fi yi wa kuskuren fassara: ciwon baya mai tsanani tare da ƙafafu su saki cikin kwana ɗaya ko biyu, ko fitsari ya tsaya, ko ya riƙa zuba ba a sani ba. Wannan kada a ɗauka aikin kemo ne, yana iya zama ciwon ne ya danne laka, kuma jinkirin sa'o'i na iya sa mutum ya daina tafiya har abada. Da an ga ɗaya daga cikin waɗannan a kira 997 ko 911, ko a nufi sashen gaggawa mafi kusa, wanda ke daf da Harami ya je asibitin Ajyad. A tafi da takardun kemo, da duk wani ƙulli, kwalba ko ƙwaya da mara lafiyar ya sha.